Matatar ƙarƙashin tankin kifi: a gina ta da lissafin ranar ɗauke wuta

Duk mai kiwon kifin ado a Kumasi da ya kai ga ajiye manyan kifaye, irin su oska, gwalfish ko karfasar tafkin Malawi, wata rana zai ga ƙaramar matatar da ake maƙalawa a jikin gilashi ta daina isarsa. Yau ka wanke soso, jibi ruwa ya sake yin hazo. A nan ne ake fara maganar samp, kamar yadda masu sayar da kayan kifi ke kiransa: tanki na biyu da ake ajiyewa a cikin kabad, ƙarƙashin babban tanki. Ruwa ya gangara masa da kansa, ya ratsa kayan tacewa, inji ya mayar da shi sama. Zan riƙa ce masa tankin ƙasa.

Amfaninsa ba ɓoyayye ba ne. Yana ƙara yawan ruwan da kifi ke rayuwa a ciki, yana ɗaukar kayan tacewa ninkin abin da matatar ciki za ta ɗauka, yana janye maiƙon nan da ke kwanciya a saman ruwa, kuma wayoyi da inji duk sun ɓace daga idon baƙo. Amma akwai abu guda da ya kamata ya zauna a kan duk wanda zai haɗa shi a garinmu. Yawancin bidiyon da ake koyo da su a YouTube an ɗauke su ne a ƙasashen da sai a shekara wuta ba ta ƙifta ba. Mu kuwa mun san dumso, wato yawan ɗauke wuta. A 2015 akwai lokacin da unguwa kan yi awa 24 a duhu kafin ta samu wutar awa 12, kuma ko yanzu da abin ya yi sauƙi, babu mai rantsuwa cewa ba za a ɗauke ba yana kasuwar Kejetia ko yana masallacin Juma'a. Tankin ƙasa ba ya nuna aibinsa sa'ad da inji ke aiki. Aibin yana fitowa ne lokacin da aka ɗauke wuta, da lokacin da aka dawo da ita babu kowa a gida. Don haka daga nan za a fara lissafi, ba daga soso ko duwatsun tacewa ba.

Mu ɗauki tankin da aka fi yi: tsawo santimita 120, faɗi 45, zurfi 50. Ka ninka ukun ka raba da 1,000, ka samu lita 270. Lambar da ta fi wannan amfani ita ce ta fuskar ruwa: 120 sau 45, wato kowace santimita ɗaya ta zurfi tana ɗauke da lita 5.4. Riƙe wannan lamba. Tankin ƙasan da ya dace da shi mai 90 da 35 da 40 ne, kowace santimita tasa kusan lita 3. Idan ruwansa yana tsayawa a santimita 26 lokacin aiki, saura santimita 14 a sama, wato fili na lita 40 da 'yan kai.

To, da inji ya tsaya, ruwa yakan ci gaba da sauka ta hanya biyu. Ta farko ita ce hanyarsa ta kullum: ruwan da ya hau sama da bakin magangara, wato inda yake zuba ya bi zuwa tankin ƙasa, zai malale har ya daidaita, santimita ɗaya ko biyu. Wannan ba ya da wata matsala. Ta biyu ce ke jiƙa kafet ɗin mutane. Bututun da ke kai ruwa sama cike yake da ruwa, bakinsa kuma a nutse yake cikin tanki. Da inji ya yi shiru sai ya juye ya zama tiyon zuƙar fetur, ya riƙa janyo ruwan tanki zuwa ƙasa, ba zai daina ba sai iska ta shiga bakinsa. Idan ka nutsa bakin nan santimita 10 don ya yi kyau, to 10 sau 5.4, lita 54 za su sauko cikin filin lita 40. Ragowar tana kan daɓe, ko tana ɗiga a silin ɗin maƙwabcin da ke ƙasa idan a bene kake haya.

Maganinsa ba ya cin ko sisi. Ka ajiye bakin bututun kusa da saman ruwa, kada ya wuce santimita 2 zuwa 3 a nutse. Sannan ka huda ƙananan huji biyu, milimita 3 zuwa 4, a jikin bututun, ɗan ƙasa kaɗan da saman ruwa, suna kallon ƙasa don kada su riƙa fesa fitila. Da ruwa ya sauka ya kai gare su, iska ta shiga, zuƙa ta yanke. Dalilin yin biyu shi ne gansakuka da ƙananan dodon koɗi suna son zama a cikin irin wannan huji. Duk ranar canjin ruwa ka zura tsinken sakace a ciki. Akwai bawul ɗin da ke barin ruwa ya wuce gefe guda kawai, mai gyaran famfo zai ba ka shawarar sa shi. Sa shi idan kana so, amma kada ka ɗora lissafinka a kansa. Ƙwayar yashi ɗaya ko santsin da ke taruwa a robarsa ya isa ya hana shi rufewa ruf, kuma ɗigon da ba ka damu da shi a minti biyar ba, a awa goma ya cika bokiti da yawa.

Da wannan gyara, abin da zai sauko shi ne kusan lita 14 daga saman tanki, lita 3 daga akwatin magangara da ake mannawa a kusurwar tanki, da abin da ke cikin bututai, wanda bututun inci ɗaya ke riƙe rabin lita a kowace mita. Duka dai kusan lita 20 ne, cikin filin lita 40. Haka ake so, fili ya ninka abin da ake tsammani.

Sai hanyar saukar ruwa. Ana sayar da wani akwati da ake ratayawa a bakin tanki, mai bututu lanƙwasasshe da ke tsallako da ruwa ta saman gilashi, don mutum ya huta da huda tanki. A ganina bai dace da mu ba ko kaɗan. Aikinsa ya dogara ne ga zuƙar da ke cikin lanƙwasar nan. Kumfar iska tana taruwa a ƙololuwarta sannu a hankali, ranar da zuƙar ta yanke kuma aka kawo wuta, inji zai tura ruwa sama babu hanyar dawowa. A huda gilashi kawai.

Huda ba ta da wuya in an bi ta a hankali, kuma ta fi sauƙi tun gilashi yana kwance a teburin mai yanka, kafin a haɗa tanki. Ka fara sayen mahaɗin da zai ratsa hujin, irin wanda ake ɗaura wa tankin ruwan roba na Polytank, ka auna kaurin zarensa, sannan ka sayi bakin huda mai lu'ulu'u daidai da shi. Mahaɗin inci ɗaya yawanci yana son huji na wajen milimita 45, amma kamfani da kamfani sun bambanta, shi ya sa ba a huda kafin a saya. Tsakanin gefen huji da gefen gilashi a bar aƙalla faɗin hujin kansa. A yi ɗan gurbi da yumɓu ko kwaɓaɓɓen fulawa a zuba ruwa a ciki, a juya injin huda a hankali, ba dannawa, nauyinsa kaɗai ya isa. A manna salatif a bayan wurin don kada guntun ya ɓalle ya tsaga gefe. Gilashin da aka gasa don ya yi tauri ba ya huduwa, da ka ci rabinsa zai tarwatse ya zama tsakuwa. In tsohon tanki ne ba ka san asalinsa ba, sa tabarau mai kashe ƙyalli, ka kalli farin allon kwamfuta ta cikin gilashin kana karkata kai. Idan ka ga zane-zane ko tabo-tabo masu duhu, gasasshe ne, ka bar shi. Wajen ɗaura mahaɗi, robar tana zama ne a gefen da ke da faffaɗan kai, ba gefen noti ba. A ɗaure da hannu, a ƙara ɗan kaɗan, shi ke nan. Sifana tana fasa gilashi, silikon kuma yana sa robar ta zame.

Huji nawa? Biyu na saukar ruwa, ko da mutum zai ga kamar ɓarna ce. Da bututu ɗaya, ruwa da iska suna kokawa a ciki, ka ji yana ɓul-ɓul yana zuƙa kamar kwatami, dare ya yi ba barci. Ana rage wannan da tsarin da ake kira Durso, inda ake ɗora gwiwa mai kallon ƙasa a kan bututun da ɗan hujin iska a samansa. Yana aiki, amma bututun inci ɗaya a haka kada a ba shi fiye da wajen lita 1,200 a awa, kuma ranar da ganye ko mataccen kifi ya toshe shi babu mai ceto. Tsarin da na fi amincewa da shi shi ne mai bututu biyu, wanda aka sani da Herbie. A kusurwar tanki ana manna akwatin gilashi mai baki kamar haƙoran matsefi, ruwan sama ya riƙa zuba ciki. A cikin akwatin akwai bututu biyu. Na farko gajere, bakinsa wajen santimita 15 ƙasa da bakin akwatin, kullum a nutse, da bawul a jikinsa. Na biyu dogo, bakinsa ɗan ƙasa kaɗan da bakin akwatin, babu bawul, babu komai, a buɗe yake har ƙasa. Ana murɗa bawul ɗin na farko kaɗan-kaɗan har ruwan akwatin ya hau ya tsaya daf da bakin na biyu. A nan bututun farko ya cika da ruwa zalla babu iska, sai ka ji tsit. Bawul mai murɗawa kamar sitiyari ya fi mai hannu guda, domin gyaran da ake buƙata ɗan mitsitsi ne, kuma bayan kowace murɗawa sai an jira minti biyu a ga inda ruwa zai tsaya.

Ƙarshen bututun farko ya nutse santimita 2 zuwa 3 kacal a cikin ruwan tankin ƙasa. Idan ya yi zurfi, iskar da ta cika shi lokacin ɗauke wuta ba za ta iya fita ba in an kawo wuta, sai ya ƙi kamawa. Ƙarshen na biyu kuwa a bar shi sama da ruwa da gangan. Ranar da na farko ya toshe, ƙarar zubar ruwa ce za ta sanar da kai tun kana tsakar gida. Bututu ɗaya tilo kuwa ba a taɓa sa masa bawul.

Ga wani wuri da mutane da yawa ba sa dubawa. Akwatin magangaran nan shi ne ke tsare ruwan tanki daga gajeren bututu. Idan silikon ɗin gindinsa yana yoyo, ko da siriri ne, ba za ka sani ba muddin inji na aiki. An ɗauke wuta da daddare, ruwan tanki zai riƙa tsiyaya cikin akwatin yana bin bututu, har ya sauka daidai da bakin gajeren: santimita 15 sau 5.4, lita 81. Saboda haka kafin a sa kifi, a cika tanki zuwa ƙasa da haƙoran, a bar cikin akwatin a bushe, a kwana. Da safe a shafa takarda a gindinsa. In ta jiƙe, a sake manni.

Cikin tankin ƙasa ba ya son ƙawa. Ɗaki uku sun isa. Na farko santimita 22, nan ruwa ke faɗowa. Katangar da ta raba shi da na biyu tsayinta 30, a ɗage ta santimita 3 daga ƙasa don ruwa ya bi ta ƙarƙashi. Lura cewa samanta ya tsaya a 33, bai kai bakin tanki ba. Hikimar ita ce idan audugar tace datti da ke ɗakin farko ta toshe da ƙazanta, ruwa ya tsallake katanga ya faɗa ɗaki na biyu, maimakon ya tsallake bakin tanki. Ɗaki na biyu santimita 42, ruwa yana hawa daga ƙasa zuwa sama ta cikin kayan tacewa, ya zuba ta kan katanga ta biyu, mai tsayin 25, wadda ke manne da ƙasa. In kana ganin ƙananan kumfa suna komawa sama, ƙara katanga ta uku santimita 3 bayan ta biyu, ita ma a ɗage. Ɗakin ƙarshe santimita 20, na inji ne shi kaɗai. Gilashin milimita 5 ko 6 ya isa katanga, a yanke shi ya gaza faɗin ciki da milimita 3 zuwa 4 don silikon ya samu wurin zama. Katangar da aka cusa da ƙarfi tana iya tsaga tankin. Masu aikin tagar alminiyam suna da guntayen gilashi da yawa, sai dai ka roƙi a goge maka kaifin gefe, domin hannunka zai riƙa shiga wurin nan kowane mako.

Silikon kuwa a karanta jikinsa. Wanda aka rubuta na banɗaki da kicin ne, mai hana baƙin fumfuna, yana da magani a ciki da ke kashe kifi. A nemi zalla, mai warin tsami kamar binega, ko wanda aka rubuta na tankin kifi ne. A ba shi aƙalla kwana biyu, in manni mai kauri ne mako guda, har warin ya tafi.

Girman ɗakin inji ma lissafi ne. Faɗinsa 20 sau 35, kowace santimita lita 0.7. Idan ruwansa yana kan santimita 20, inji kuma ya fara shan iska a santimita 6, abin da zai iya turawa sama bai wuce lita 10 ba, da wasu biyu daga sauran ɗakunan. Idan ka bar santimita 3 tsakanin saman ruwa da bakin babban tanki, fili ne na lita 16. Ke nan ko bututu biyun sun toshe a rana ɗaya, tanki ba zai yi ambaliya ba. Inji ne zai bushe, kuma asarar inji ta fi sauƙi a kan rigima da mai gida. Sai dai ƙaramin ɗaki yana da nasa haraji: duk ruwan da ya tashi ya bi iska, daga tankin sama ko na ƙasa, a wannan ɗaki kaɗai ake ganin raguwarsa. Idan ana rasa lita 2 a rana, ruwan ɗakin yana sauka kusan santimita 3 kullum, kwana biyar inji ya fara kuka. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska a bushe take, ragin ya fi sauri. A rufe tankin ƙasa da murfi mai ɗan wurin shan iska, a riƙa leƙa ɗakin nan kowace safiya. Murfin yana kuma hana kyankyaso da tsaka faɗawa.

Kayan tacewa iri biyu ne, kuma jerinsu ba ya canzawa: mai kama datti a gaba, gidan ƙwayoyin bakteriya a baya. A ɗakin farko a yi ɗan dandamali na raga, a shimfiɗa farar audugar roba a sama, soso mai manyan ƙofofi a ƙarƙashinta. Audugar nan ita ce ke sa ruwa ya yi garau, kuma ita ce aka fi sakaci da ita. Kashin kifin da ta kama bai bar ruwa ba, yana nan yana ruɓewa a hanyar ruwan. A tankin oska ko gwalfish a canza ta ko a wanke ta duk kwana uku zuwa huɗu. Soson katifa ba ya yi, ƙofofinsa ƙanana ne, yana toshewa nan da nan, ba ka kuma san abin da aka zuba masa a masana'anta ba. A ɗaki na biyu a zuba zobban tangaran ko dutsen aman wuta mai huji-huji, lita 10 zuwa 15 sun wadatar da tankin nan, a cikin jakunkunan raga don ɗagawa ta yi sauƙi. Wanda kuɗinsa bai kai ba, sabon soson wankan nan na raga, wanda bai taɓa ganin sabulu ba, a dunƙule shi da yawa, yana aiki sosai. Abin da zan hana shi ne tsarin da kayan tacewa ke rataye a iska ruwa na yayyafa musu, da kuma 'yan robobin nan da sai injin iska ya riƙa juya su. Suna da ƙarfi in da wuta. In babu, na farko ya bushe, na biyu ya taru a sama ya tsaya cik. Kayan da ke nutse cikin ruwa sun fi jure halinmu.

Aikin ƙwayoyin shi ne su mayar da amoniyar da kifi ke fitarwa ta zama naitirait, wasu kuma su mayar da ita naitiret. Biyun farko guba ne, na ukun yana da sauƙi, canjin ruwa ke fitar da shi. Kafin su yi yawa a sabuwar matata ana ɗaukar mako 4 zuwa 6. In kana da tsohuwar matata, kada ka cire ta ranar da ka kunna sabuwa. Bar su tare wata guda, ko ka ɗauko tsohon soson ka jefa a ɗaki na biyu. Ruwan famfonmu daga madatsun ruwa na Barekese da Owabi yake zuwa, kuma an sa masa kulorin, wanda aikinsa kashe ƙwayoyi ne, bai san na kirki da na banza ba. Kada a wanke zobban tangaran a bakin famfo. A ɗauraye su a cikin ruwan da aka ɗebo daga tanki, rabi wannan wata, rabi wata mai zuwa. Ruwan canji, kashi 25 zuwa 30 cikin 100 kowane mako, a sa masa maganin kulorin kafin ya shiga. Galan ɗin Kufuor, wato jarkar roba mai ruwan ɗorawa, uku ko huɗu da ba a taɓa zuba musu fetur ko sabulu ba sun isa ajiye shi. Mai amfani da ruwan burtsatse ya auna tsaminsa. Ƙwayoyin nan suna cinye sinadarin da ke tare tsami yayin aikinsu, idan ruwan dama ba shi da shi da yawa, ma'aunin pH zai yi ta sauka, kuma in ya yi ƙasa da 6 aikinsu yana kusan tsayawa. Jakar ɓawon kawa da aka daka, irin wanda masu abincin kaji ke sayarwa, a wanke a ajiye a ɗaki na biyu, tana riƙe shi. Ga karfasar Malawi, da ke son ruwa mai pH wajen 8, wannan jaka dole ce.

Inji kuma ba a sayensa da lambar da ke jikin kwali. Ana so ruwan tanki ya zaga sau 3 zuwa 5 a awa, wato wajen lita 800 zuwa 1,300. Lambar kwali ta inji ne yana tura ruwa a kwance. Naka zai ɗaga ruwa sama da mita ɗaya, ga gwiwoyi, don haka mai lita 2,000 a rubuce ne zai ba ka abin da kake nema. Gwada shi da bokiti: riƙe tiyo a tsayin bakin tanki, in ya cika bokitin lita 10 a daƙiƙa 30, lita 1,200 ke nan a awa. In ya yi ƙarfi a rage shi da bawul a gefen fita, ba a shaƙe inji ta gefen shiga. A sa guntun tiyo mai laushi tsakaninsa da bututu, a ɗora shi a kan soso, gurnanin zai ragu. A sa mahaɗi mai kwancewa da hannu don cire shi kada ya zama aiki, domin duk wata sai an buɗe an wanke farfelarsa. Inji mai datti yakan ci gaba da juyawa muddin bai tsaya ba, amma in ya tsaya ba ya iya tashi da kansa, kuma a nan kullum cikin tsayawa da tashi yake. Wutarmu bolt 230 ce. In ɗan'uwa zai aiko maka da inji daga Amurka, ka gaya masa nasu na 120 ne, zai ƙone. Inji mai wat 25 yana cin yunit 18 a wata, sai ka san abin da za ka ƙara wa mita. A haɗa shi ta na'urar kare firji, mai jinkirta 'yan mintuna bayan an kawo wuta. Soket ya kasance sama da tankin ƙasa, waya ta yi lanƙwasa ƙasa kafin ta hau gare shi don ɗigo ya sauka a lanƙwasar, kuma layin ya bi ta makashin da ke yanke wuta in ta zuba a ruwa.

Idan ɗaukewar ta daɗe, damuwa ta tashi daga ambaliya ta koma iska. Ruwa mai zafin digiri 30 yana riƙe oksijin wajen miligiram 7.5 a lita, ƙasa da miligiram 9 na ruwa mai digiri 20, ga kifi yana ƙara buƙata a cikin zafi. Ƙwayoyin matata ma numfashi suke yi. Ƙaramin injin iska mai aiki da fawabank, mai baki biyu, dutse ɗaya a tankin sama, ɗaya a ƙarƙashin zobban tangaran, shi ne kayan da ya fi kowane daraja a wannan rana. Kada a ba kifi abinci har wuta ta dawo. A cire audugar ɗakin farko, ita ce ke fara ruɓewa. Mai batirin bolt 12 mai amfiya 100 da inbata zai iya riƙe inji mai wat 25 kusan awa 20 ba tare da ya zuƙe batirin fiye da rabi ba. In kuwa an yi yini da kwana babu iska ko kaɗan, cire filogin inji kafin a kawo wuta, ka sunsuna tankin ƙasa. Warin ruɓaɓɓen ƙwai yana nufin ruwan ya lalace. A kwashe shi a zubar, a ɗauraye kayan, a zuba sabo, sannan a riƙa auna amoniya kwana uku zuwa huɗu ana rage abinci.

Kabad ɗin zai ɗauki nauyin da ya haura kilo 400, tunda kowace lita kilo ɗaya ce, ga gilashi, ga yashi, ga tankin ƙasa. Ƙarfe mai kusurwa huɗu na milimita 40, wanda masu walda a Suame Magazine ke aiki da shi kullum, ya fi katako kwanciyar hankali, a shafa masa fenti mai hana tsatsa domin cikin kabad kullum da raɓa. A bar aƙalla santimita 20 tsakanin bakin tankin ƙasa da rufin kabad, in ba haka ba jakar zobba ba za ta fito ba. Farin soson kwali a ƙarƙashin kowane tanki. Maganin sauro na fesawa guba ne mai tsanani ga kifi, tankin ƙasa kuma a buɗe yake kusa da daɓe, inda feshin ke sauka. Kafin a fesa ɗaki a rufe tanki biyun da zane, a kashe injin iska, sai ɗakin ya sha iska a buɗe. Mai tankin shuke-shuke da ke ba su iskar kabon ya sani cewa zubar ruwa tana korar ta, shi sai ya rage gudun ruwa ya rufe tankin ƙasa sosai.

Aikin ƙarshe kafin kifi ya shiga shi ne ka ɗauke wa kanka wuta. Da inji a kashe, cika tankin sama har ya fara gangarawa, ka ci gaba da zubawa har ruwan tankin ƙasa ya kai santimita 5 ƙasa da bakinsa. Kunna inji, jira minti goma, ka ja layi da maka a inda ruwan ɗakin inji ya tsaya. Wannan layi shi ne iyaka, ƙarin ruwa ba ya wuce shi har abada. Ja layi na biyu santimita 3 sama da kan inji, shi ne iyakar ƙasa. Sannan cire filogi, ka tsaya kana kallo har ka ji hujin nan biyu sun shaƙi iska, ruwa ya daina sauka. Mayar da filogi, kada ka taɓa bawul, ka ga ko gajeren bututu zai kama da kansa cikin 'yan mintuna. Maimaita sau biyar. Toshe ƙananan hujin da salatif ka sake cire filogi, hannunka a kansa, don ka ga inda ruwa zai kai ranar da dodon koɗi ya zauna a ciki. Cire salatif, rufe bawul ɗin bututun farko ruf inji na aiki, ka tabbata dogon bututu shi kaɗai yana ɗauke ruwan duka. Daga nan kashe komai, shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙarƙashin kabad da bayan tanki, ka bar shi ya kwana. Da safe duba jaridar, ka kuma duba ko ruwan tankin ƙasa ya ƙaru a kan inda ka bar shi.